Tsufa a Ƙasar Wasu: A San Mai Jinya Kafin a Yanki Tikiti

 

A 'yan shekarun nan wani buri ya samu gindin zama a zukatan masu hali da manyan ma'aikatan da ke dab da ajiye aiki, wato mutum ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya koma wata ƙasa, ya ƙarasa sauran kwanakinsa a can. Wasu zuciyarsu na Makka da Madina, suna fatan ajali ya riske su kusa da Harami. Wasu kuma 'ya'yansu ne suka yi karatu suka kama aiki a Ingila ko Amurka ko Kanada, suna ta kiran Baba da Mama su zo su huta. Akwai kuma masu neman inda wutar lantarki ba ta ɗaukewa, asibiti yana aiki, mutum ya kwanta ba tare da fargabar masu garkuwa da mutane ba, irin su Dubai da Alƙahira da Santambul.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya cancanci raini. Musulunci bai ɗaure kowa da garin da aka yanke masa cibiya ba, kuma sahabbai da dama sun ƙare rayuwarsu nesa da mahaifarsu. Bilal (RA) a Sham ya rasu, Anas ɗan Malik (RA) a Basra, Amru ɗan Asi (RA) a Masar. Abin da nake son jawo hankali a kai shi ne, zaɓen ƙasa shi ne mafi sauƙi a cikin wannan shiri. Tambaya mai nauyi, wadda kunya da kara kan sa a tsallake ta, ita ce: ranar da ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita, wane ne zai tayar da shi, ya yi masa tsarki, ya ba shi abinci a baki, ya fuskantar da shi alƙibla? Duk wanda bai iya amsa wannan tambaya da sunan mutum, da adadin kuɗi, da takardar da ta halatta masa zama ba, to bai gama shiri ba, ko da fasfo da tikiti suna aljihunsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tsufa hawa biyu ne

Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rum aya ta 54, ya jera rayuwar ɗan Adam daki-daki: rauni a farko, ƙarfi a tsakiya, sannan rauni da furfura a ƙarshe. A Suratun Nahli aya ta 70 kuma an ambaci wani mataki da ake mayar da wasu bayi cikinsa, inda mutum ke manta abin da ya sani a da. Manzon Allah (SAW) da kansa ya kasance yana neman tsari daga kaiwa wannan mataki, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA).

Ke nan tsufa hawa biyu ne. A hawa na farko mutum yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana tuƙa motarsa, yana wasa da jikoki. Wannan shi ne tsufan da masu tallar gidaje da dillalan biza ke nunawa a hotuna. Hawa na biyu kuwa ba ya sallama kafin ya shigo. Yakan zo da shanyewar ɓarin jiki cikin dare ɗaya, ko karayar ƙugu a banɗaki, ko ciwon ƙoda mai buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, ko ruɗewar tsufa da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Daga wannan rana kyawun titunan gari da tsayin benayensa ba su da sauran amfani ga mutum. Duniyarsa ta koma gado ɗaya da fuskokin da ke leƙo shi.

Masu kula da tsofaffi sun daɗe da lura cewa idan ruɗewa ta yi nisa, harshen da mutum ya koya da girmansa yakan riga harshen uwa zubewa. Farfesan da ya shekara 40 yana koyarwa da Ingilishi yana iya wayar gari ba ya iya neman ruwan sha sai da Hausa ko Fulatanci. Idan a lokacin yana kwance a gidan kula da tsofaffi a Landan ko Toronto, wa zai gane cewa hannun da yake ta shafawa a bango taimama yake nema? Wa zai kula cewa dattijuwar da ta shekara 60 cikin lulluɓi ba za ta yarda namiji ya yi mata wanka ba? Da yawa daga ma'aikatan can mutanen kirki ne masu riƙon amana, amma ba za su san abin da ba a sanar da su ba, kuma majinyacin da ya kamata ya sanar da su bakinsa ya riga ya mutu.

Burin cikawa a Madina

Masu son ƙarewa a Madina suna da madogara. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) hadisin da ke kwaɗaitar da duk wanda ya samu iko ya rasu a Madina, saboda alkawarin ceto ga wanda ya rasu a cikinta. Sayyidina Umar (RA) ma ya roƙi Allah shahada da mutuwa a garin Manzo, aka kuwa amsa masa duka biyun. Wannan buri ne na masoya, babu mai ja da shi.

Sai dai hadisin ya rataya al'amarin ga samun iko, iko kuwa a yau ya haɗa da takardar zama ta halas. Bizar umara ta 'yan watanni ce, kuma wanda ya karɓe ta ya amince ne da sharaɗin zai fita idan wa'adi ya cika. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura aka buɗe ta. Kowa ya san halin da 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya marasa takarda ke ciki na zaman ɓuya da tsoron kame. Matashi yana iya jure wannan. Tsoho mai ciwon suga da hawan jini, wanda ba shi da iƙama kuma ba shi da inshorar lafiya, yakan yi ta jinkirta zuwa asibiti don gudun a tambaye shi takarda, har ciwon ya ci ƙarfinsa.

Hanyar halas akwai ta, amma da tsada. Tun 2019 Saudiyya ta buɗe wata iƙama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili, ana biyan riyal 800,000 sau ɗaya don zama na dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Riyal 800,000 ya haura dala 200,000, kuma kuɗin takarda ne kawai, ba a zo maganar haya da magani da mai hidima ba. Wanda zai sayar da gidan da iyalinsa ke ciki da gonar da ke ciyar da su don ya kai ga wannan, ya tuna labarin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka a shekarar Hajjin Bankwana, ya nemi izinin sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsayar da shi a sulusi, sannan Manzon Allah (SAW) ya ganar da shi cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Hukuncin na mai wasiyya ne, amma darasin ya shafi duk wanda son lada zai sa ya manta da waɗanda ke ƙarƙashinsa.

A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo cewa Abud Darda'i (RA) ya rubuta wa Salmanul Farisi (RA) yana gayyatarsa ya komo ƙasa mai tsarki, sai Salman ya nuna masa cewa tsarkin bawa daga aikinsa yake fitowa, wurin zama ba ya ba da shi. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman kuma ta rufe zancen, domin ta sanya sanin ƙasar da rai zai bar jiki cikin abubuwan da Allah Ya keɓanta da su. Mutum nawa suka daɗe a Madina, ajali ya kira su gida da sunan ziyara? Mutum nawa kuma suka je umarar kwana goma aka binne su a Baƙi'a?

Takarda da aljihu

Ga masu nufin komawa wurin 'ya'ya a ƙasashen yamma, ƙofar ta fi yadda ake zato ƙunci. Tun 2012 Birtaniya ta tsaurara sharaɗin ɗauko iyaye su zauna dindindin. Sai an tabbatar da cewa tsohon yana buƙatar mai kula da shi a al'amuran yau da kullum, kuma ba za a iya samun wannan kulawa a ƙasarsa ba ko da da kuɗin ɗan nasa. Kaɗan ne ke tsallake wannan siraɗi. Saura sukan shiga da bizar ziyara ta wata shida, kuma baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kuɗin magani da ƙarin rabi a kai. Kanada tana da biza ta musamman ga iyaye da kakanni, mai ba da damar zama har shekara biyar a shiga ɗaya, amma sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla dalar Kanada 100,000, kuma mai ita baƙo ne har ranar da zai fita. A Amurka, tsohon da bai taɓa aiki a can ba sai ya shekara biyar da takardar zama kafin a ba shi damar sayen shiga Medicare, shirin lafiyar tsofaffi na gwamnati, wanda shi kansa ba ya ɗaukar nauyin doguwar kulawa irin ta wanka da ciyarwa. Dubai ta buɗe bizar 'yan ritaya a 2020 ga masu shekara 55 zuwa sama, ta shekara biyar ce, kuma sabunta ta ya dogara ga ci gaba da mallakar gida ko ajiya ko kuɗin shiga da aka ƙayyade.

Waɗannan dokoki abu ɗaya suke faɗa. Ƙasashe suna maraba da tsoho mai lafiya da kuɗi, kuma sun yi tanadin kada jinyarsa ta faɗo kan baitulmalinsu. Wannan haƙƙinsu ne, namu shi ne mu karanta sharaɗi kafin mu sa hannu. Ko wanda ya samu cikakken izinin zama a Ingila, gidan kula da tsofaffi ba kyauta ba ne, domin mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa.

Sai maganar aljihu. Wanda fanshonsa ke zuwa da naira, cefanensa kuma da dala ko riyal ko fam, ya ɗora rayuwarsa ne a kan farashin canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Fanshon naira 300,000 a wata, wanda a da ya kai kimanin dala 650, ya koma dala 200 ba tare da an rage wa mai shi ko sisin kwabo ba. Riyal da dirhami a ɗaure suke da dala, don haka mazaunin Jidda da na Dubai bulala ɗaya ta same su. Kuɗin inshora kuma hawa yake yi da shekaru, kamfanoni sukan ware cututtukan da mutum ya zo da su ko su tsawwala musu farashi, alhali su ne cututtukan da za su kwantar da shi.

Wani zai ce wannan lissafi duk ƙarancin tawakkali ne. Amsar tana cikin hadisin Tirmizi na mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Annabi Yusuf (AS) ya tanadi hatsin shekarun yalwa saboda shekarun fari, kuma ya tabbata a Buhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Tanadi ba ya rushe tawakkali. Wanda ya ƙi tanadi kuwa, wani zai ɗora wa kayansa.

Nauyin yana kan 'ya'ya

Duk inda tsoho ya zauna, wajibin kula da shi bai tashi daga kan 'ya'yansa ba. Aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i sun gwama kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah da bauta, sun keɓe lokacin tsufa da ambato, kuma sun siffanta iyayen da cewa suna wurin ɗan, a ƙarƙashin kulawarsa. An hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, domin Mahalicci Ya san jinya tana gajiyarwa. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka rene mu, sun fayyace ɓangaren dukiya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya ciyar da iyaye matalauta cikin wajibai, Muhtasar na Shaihu Halil kuma ya ƙara da cewa har mai yi musu hidima yana cikin abin da ɗa mawadaci zai ɗauka. Nauyin yana kan 'ya'ya maza da mata, ana raba shi gwargwadon wadatar kowa a zance mafi rinjaye.

Amma aiken kuɗi rabin aikin ne. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito labarin mutumin da ya zo yin mubaya'a a kan hijira ya baro iyayensa suna kuka, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ya je ya faranta musu. Ɗan da ke shirin ɗauko mahaifiyarsa zuwa Kanada ya tambayi kansa tsakani da Allah yadda yininta zai kasance. Shi da matarsa suna fita aiki tun duku-duku sai dare, yara suna makaranta, sanyi ya hana leƙa waje na watanni. Hajiyar da a gida ba a rabuwa da sallama a ƙofarta, yau suna, gobe biki, jibi ta'aziyya, maƙwabta na aiko mata da koko da ƙosai, ita ce za ta zauna daga ita sai bango sai wayar hannu. An ba ta likita, an karɓe mata jama'a. Sau da yawa ma, in za a faɗi gaskiya, renon jikoki ne ya kai ta, aka saka masa sunan hutu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gidajenmu jinya kan faɗa ne a kan mata, ko 'ya ko matar ɗa. Matar ɗa kuwa shari'a ba ta wajabta mata jinyar iyayen mijinta ba. In ta yi, alheri ne da ya cancanci godiya a nan da lada a gobe. A gida akwai ƙannai da 'yan'uwa da masu aiki da ke yin karɓa-karɓa. A ƙasar waje mace ɗaya ce a ɗan ƙaramin gida, ga aiki, ga yara, ga majinyaci. Adalci shi ne a nemi yardarta tun kafin a nemi biza, a kuma tanadi wanda zai riƙa karɓarta.

Mai mata fiye da ɗaya shi ma yana da tasa tambayar. Dokar Birtaniya ba ta ba mace ta biyu izinin zama a matsayin matar aure idan ta farko tana can, kuma galibin ƙasashen yamma haka suke. Wanda zai tafi da ɗaya ya bar saura, a ina ya ajiye adalcin kwana da ciyarwa da Allah zai tambaye shi?

Magabata da jama'arsu suka tafi

Tsufa a ƙasar wasu ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, garin da yake nan har yau. Mahajjatan ƙafa sun yi shekara da shekaru a hanya, da yawansu suka tsufa a Cadi da Sudan da Hijaz. Fataken goro sun kafa zango-zango a Salaga da Kumasi. Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano, a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ya rasu a 1934.

Abin lura shi ne, waɗannan bayin Allah ba ɗai-ɗai suka zauna ba. Duk inda suka sauka sun gina masallaci da makarantar allo, sun naɗa liman da sarkin zango, sun keɓe maƙabarta, sun ƙulla auratayya. Baƙo yana da maigida mai saukar da shi. In ya kwanta ciwo akwai mai dama masa kunu, in ya cika akwai masu wanka da masu ɗaukar makara. Da tsarin kulawarsu suka tafi. Ɗan ritayar yau kuwa sau da yawa akwati biyu da katin banki ne guzurinsa.

Don haka wanda zai auna, ya auna unguwar da zai sauka. Akwai masallacin da zai kai da ƙafa? Akwai jama'ar da za ta lura idan ba a gan shi a sallar Asuba kwana biyu ba? Akwai masu hidimar jana'iza? Akwai likita ko ma'aikaciyar jinya mai jin harshensa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ɗa ɗaya ba ya ɗaukar jinyar shekara biyar.

Wasiyya, wakili da kabari

Abu uku ya kamata a rubuta tun ana da lafiya da hankali. Na farko wasiyya. Hadisin Ibn Umar a Buhari da Muslim ya nuna cewa bai dace musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, wanda ya rasu bai bar takarda ba, alƙali ko malamai za su raba gadonsa bisa shari'a. Wanda ya mayar da Ingila mazauninsa kuwa, dokar ƙasar ce za ta raba. Idan ya bar mata da 'ya'ya, matar za ta ɗauki kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida. Wannan ya yi nisa da rabon da Suratun Nisa'i ta shimfiɗa. Mafita ita ce a rubuta wasiyya bisa ƙa'idar ƙasar da ake zaune, ta hannun lauyan da ya san dokar wurin tare da malamin da ya san ilimin gado, a kuma lissafa dukiyar da ke gida da basussuka da amanonin mutane.

Na biyu wakilci. Idan ruɗewa ta zo, banki da asibiti a can ba sa sauraron mai cewa shi ne babban ɗa, takarda suke nema. A Ingila akwai takardar wakilci mai ɗorewa iri biyu, ɗaya ta dukiya ɗaya ta lafiya, ana yi musu rajista a hukuma, kuma ba sa yiwuwa sai mutum yana cikin hayyacinsa. In aka makara sai an bi ta kotu, da ɓata lokaci da kuɗi. A irin wannan takarda ne mutum zai bayyana abincin da yake ci, da jinsin wanda zai yi masa wanka, da matsayinsa game da na'urorin taimakon numfashi bayan ya tuntuɓi malamai da likitoci.

Na uku kabari. Sunna ita ce gaggauta jana'iza. Shahidan Uhudu an umarci a mayar da su inda suka faɗi, kuma Nana A'isha (RA) ta nuna cewa da ta halarci rasuwar ɗan'uwanta Abdurrahman, da ba a ɗauke shi daga inda ya rasu zuwa Makka ba. A ɗaya ɓangaren, Muwaɗɗa ta kawo cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Sa'id ɗan Zaid (RA) a Aƙiƙ suka rasu aka ɗauko su Madina aka binne. Malamanmu sun halatta ɗaukar gawa idan akwai maslaha kuma ba a keta alfarmarta ba. Sai dai Aƙiƙ 'yar tafiya ce daga Madina, ɗauko gawa daga Turai kuwa yana cin kwanaki da takardu da miliyoyin naira, kuma sau da yawa sai an zuba mata sinadaran hana ruɓewa. In kuma a can za a binne, a san sharaɗin wurin. A Faransa, inda wasu 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru ke zaune, galibi hayar kabari ake bayarwa ta shekara 15 ko 30 ko 50, in ba a sabunta ba hukumar gari tana iya karɓe wurin, kuma ba kowace maƙabarta ke da sashen musulmi ba. Mutum ya faɗi zaɓinsa ya tanadi kuɗinsa, kada ya bar 'ya'ya suna gardama a waya gawarsa tana kwance a ɗakin sanyi.

Zaman gida ma shiri yake so

Kada a fahimci cewa zama a gida shi kaɗai ya wadatar. Babban gidan da ya saba riƙe tsofaffi yana watsewa. 'Ya'ya sun bazu Abuja da Legas, gidajen gado ana sayarwa a raba kuɗi, 'yan fansho da dama suna shekaru suna jiran giratuti, kuma duk mai zuwa masallacin Juma'a yana ganin dattawa a bakin ƙofa suna miƙa hannu. Wannan ne ma ke sa masu hali tunanin tafiya. Shi ma wanda ya shekara 30 a waje yana son dawowa, ƙaura ce zai yi, domin abokai sun rasu, 'ya'ya can suka saba, fanshon gwamnatin Birtaniya ba a yi masa ƙarin shekara-shekara ga mazaunin Nijeriya, Medicare kuma ba ya bin mutum wajen Amurka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraj cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, sai ya ɗauke masa jiziya ya yanka masa abin ci daga baitulmali, domin yana ganin zalunci ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi a tsufa. Nijeriya ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa bisa wata doka ta 2017, amma hukuma ba za ta shiga kowane ɗaki ba. Kwamitocin masallatai za su iya sanin kowane tsoho mara galihu a unguwarsu. Hukumomin zakka da waƙafi za su iya ware asusun biyan masu jinya a gida. Ɗalibanmu kuma su koyi hukuncin sallar mara lafiya da taimama da wankan gawa, wasu daga cikinsu, maza da mata, su karanci aikin jinyar tsofaffi, domin sana'a ce mai haɗe da lada.

Shawarata ga mai niyyar tafiya ita ce ya tara iyalinsa, mata da 'ya'ya da surukai, a yi maganar a fili a kuma rubuta wanda ya ɗauki kowane nauyi. Ya gwada zaman wata uku a lokacin da ya fi tsanani, hunturu a Kanada ko tsakiyar zafi a Makka. Kada ya yi gaggawar sayar da gidansa na asali, kuma ya ajiye kuɗin dawowa a gefe. Idan amsoshin sun cika, ya yi istihara ya tafi, Allah Ya sanya albarka. In ba su cika ba, umara da ziyarar 'ya'ya sun wadatar, ya zauna inda in ya yi kira za a amsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, Ya tsare mu daga ƙasƙancin tsufa, Ya sa mu cika da kyau da imani a ƙasar da Ya zaɓa mana, a hannun masu tausayinmu. Amin.